Magen Farisa mai dogon gashi: za ta iya zafin Birnin Kebbi kuwa?

Maman_Ihsan
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar mage. Maƙwabciyar yayata a Kaduna magenta ta haihu, irin 'yan Farisan nan masu dogon gashi da shafaffen hanci, an ce in ina so a ajiye mini ɗaya. Tunda Ihsan ta ga hoton a waya ba ta bar ni na sha ruwa ba. An ce mini ba su da faɗa, ba sa yakushi, ba sa hawa labule. Wannan ne ya ja hankalina, don ina da yaro mai rarrafe, ga surukata tana tare da mu, ba ta son hayaniya. Abin da ke damuna zafin garin nan. A Gesse muke, fanka ce kawai da ɗan sola, babu na'urar sanyaya ɗaki. Za ta rayu kuwa? Kuma me ake ba su? Satinta biyar yanzu, mai ita ta ce ko gobe in aiko a ɗauka.

ƊanKabi_Asali
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu da anka haihwa nan ma, in Afrilu ya kama sai mun koma gindin dogon yaro muna neman iska. Balle mussa da gashi har ƙasa. Ki bar musu abinsu can Kaduna, ki huta.

Anti_Rabi_Badariya
Ƙanwata, ina da irinta a nan Badariya, ta ga bazara da yawa kuma tana nan da ranta. Maganar haƙuri gaskiya aka faɗa miki. Jikokina suna ɗaukarta suna goya ta da ɗankwali, iyaka in ta gaji ta sulale ta shige ƙarƙashin gado. Kukanta ma sai kin kasa kunne. Ba ta son tsalle-tsalle, tana da wurarenta biyu ko uku a gidan, can za ki same ta kullum. Amma ba ta saurin sabo da baƙo, in an yi taron suna ko biki ba za ki gan ta ba sai kowa ya watse.

Wahalarta a gashi take. Kullum sai an taje, ba fashi, da matajin ƙarfe mai faɗin haƙora. Wuraren da suke cukurkuɗewa su ne bayan kunne, hammata, ƙarƙashin ciki da cinyoyin baya kusa da wutsiya. In aka bar shi kwana kaɗan sai ya dunƙule ya manne da fata, yana janta tana jin zafi, datti kuma ya taru a ƙarƙashi. Kada ki bari ta fita inda ciyawa take, musamman da kaka. Ƙarangiya in ta shiga gashin nan sai kin zauna da ita a cinya kina tsinta ɗaya bayan ɗaya, ke da ita duk kuna shan suka. Sai ido. Hawaye ne ke bin gefen hancinta yana barin jan tabo, kowace safiya nake goge mata da auduga da ruwan ɗumi, kowane ido da audugarsa.

Zafi kuwa, da kanta ta nemo mafita. Daga azahar tana kwance a jikin randa, inda ƙasar ke da danshi, ta miƙe ciki a ƙasa. In rana ta yi tsanani ina jiƙa tawul in shafe mata tafin ƙafa da ciki.

Sarkin_Zolaya
Anti, tambaya ɗaya ce tawa. Tana kama ɓera?

Anti_Rabi_Badariya
Kai dai bari, ɗan nan. Da idona na ga ɓera yana ci a kwanonta, tana kwance tana kallonsa, ko kunne ba ta kaɗa ba.

Sarkin_Zolaya
To madalla. A taje ta, a goge mata ido, a yi mata fifita, ɓeran gidan ma ya samu abinci kyauta. Ni a ɗauke ni wannan aikin mana.

Likitan_Dabbobi_BK
Hajiya Maman Ihsan, kafin a je ga zafi: kada ki karɓe ta a sati biyar. Ba ta gama shan nono ba, kuma a wurin uwa take koyon amfani da yashin bayan gida da wasa ba cizo. A bar ta ta kai sati 12. Kafin nan mai ita ta yi mata allurar rigakafi ta farko a wajen sati 8 ko 9, ta biyu a sati 12, a ba ta maganin tsutsar ciki, sannan allurar haukan kare daga wata uku. Ki ce a haɗo ki da katin allurar.

Yanzu zafi. Mage ba ta zufa a jiki kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da lasar jiki da numfashi take rage zafi. Ita kuwa 'yar Farisa mai shafaffiyar fuska ƙofofin hancinta matsattsu ne, hanyar iskar gajera ce, ga gashi ninki biyu. Zafin jikin mage mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 40 an shiga haɗari, mu kuwa nan daga Maris zuwa Mayu iskar gari ita kanta tana wuce 40 da rana.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, haƙurin nan da ake yabo shi ke ɓoye ciwonta. Magen gida in ta takura za ta yi kuka, ta yakushi ƙofa, ta haura katanga ta nemi inuwa. Wannan sai dai ta lafe a lungu, masu gida su ce ai halinta ne. Saboda haka ido ake sa mata. In kika ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, ko yawu na zuba, ko tana tangaɗi, ba abin jira ba ne. A kai ta inuwa, a jiƙa jikinta da ruwa mai sanyi amma ba na ƙanƙara ba, a kunna fanka, a nufi asibitin dabbobi.

Za ta iya rayuwa babu na'urar sanyi, ga ta Anti Rabi shaida. Sharaɗin shi ne kada a taɓa kulle ta a ɗaki mai kwano da rana, ruwa ya kasance a wuri fiye da ɗaya, kuma ta samu tayil ko siminti mai sanyi. In akwai zaɓi a cikin 'ya'yan, ɗauki wadda hancinta ya ɗan fito. Wadda hancin ya nutse tsakanin idanu ta fi kyau a hoto, ta fi shan wuya.

Yaya_Bash
Ni a ganina a kai ta wurin mai aski a yi mata tal-kwabo duk bazara, magana ta ƙare.

Likitan_Dabbobi_BK
Malam Bash, ragewa dai, ba kwalkwabo ba. Gashin yana kare fata daga ƙunar rana, musamman farare. Ana iya rage na ciki da cinyoyi da injin aski a bar ɗan tsawo. Ban da reza, ban da almakashi a kan dunƙulallen gashi. Fatar mage sirriya ce, tana shigewa cikin dunƙulen, sau da yawa ɗinki muke yi saboda wannan.

Baffa_Jega
Ku yi mini haƙuri, ni dattijo ne, sai na faɗa. Ana cikin wannan hali, mutane na neman awon gero, mu kuma muna nan muna lissafin allurar kyanwa da matajinta. Na ji an ce kuɗin guda ɗaya kan kai na ragon layya. Ina za mu da wannan? Ga kyanwowi nan cike da lungu, kyauta, suna kama ɓera, ba su taɓa ganin likita ba. Kuma ni a sanina ma an hana cin kuɗin kyanwa.

Maman_Ihsan
Baffa, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce. Ni dai ba saya zan yi ba, kyauta ce saboda zumuncinsu da yayata. Ɗawainiyar ce nake son in auna tun kafin in ɗauko.

Malam_Na_Gwandu
Baffa, akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya yi hani da kuɗin kare da na mage, kuma wasu malamai sun tsaya a kan zahirinsa. Amma mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun tafi a kan halaccin sayar da mage, suka ɗauki hanin a matsayin karhanci ko kuma a kan wadda ba ta da amfani. Kiwonta kuwa babu saɓani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Inda tsoron yake shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Wannan irin da ake magana ba ta iya nema wa kanta komai, duk haƙƙinta a wuyan mai ita yake. Wanda ya san ba zai iya ba, barin ya fi masa.

Baffa_Jega
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan hukunci. A kan almubazzaranci kuwa ina nan inda nake.

Amaryar_Bana
Don Allah ni tsoron da nake ji daban ne. Kakata ta ce gashin mage in ya shiga cikin mace yana hana haihuwa, shi ya sa ta hana ni ɗaukar ko ta gida. Wannan mai zubar da gashi ko'ina fa?

Ungozomar_Zuru
Amarya, gashi ba ya hana haihuwa. Abin da ke da asali a maganar wata ƙwayar cuta ce, toksofilasma, da kan fito a kashin mage, ba a gashinta ba. In mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya taɓa jaririn. Amma ana samunta ta naman da bai dahu sosai ba da ganyen da ba a wanke ba, ko babu mage a gidan. Ƙwayar sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, saboda haka a kwashe yashin kullum, mai ciki kuma ta bar wa wani aikin. In dole ita ce, ta sa safar hannu ta wanke da sabulu. Magen da ke zaune a ɗaki ba ta cin ɓera ba ta cin ɗanyen nama ma ta fi ta lungu nisa da cutar.

Maman Ihsan, abin da za ki duba shi ne ko akwai mai asma ko mai yawan atishawa a gidan, musamman Hajiya surukarki. Kuma ki ajiye kwandon yashin inda mai rarrafen ba zai kai ba.

Ummu_Sudais_Gusau
Ni dai gargaɗina a kan masu sayarwa a intanet ne. Wani ya aiko mana ɗaya daga wata jiha, a hoto tubarkalla. Da ta iso muka ga wani ɗan wuri a bayan kunne gashi ya zube, ya yi zagaye yana ɓarewa, muka kira shi ya ce cizon 'yan uwanta ne. Ashe makero ne. Kafin mu farga ya fito wa Sudais a wuya, ya fito wa ƙanwarsa a ka. Mun sha magani da wankin zannuwa har muka gode Allah, shi kuwa ya daina ɗaukar waya. Likitan da ya duba ta ya ce masu dogon gashin nan sun fi kamuwa, kuma wata tana ɗauke da shi ba a gani. Ki sa yayarki ta je da kanta ta buɗa gashin da yatsa har ta ga fata, ta duba cikin kunne ko akwai baƙin datti, ta duba ƙuma, ta kuma ga uwar.

Ɗalibi_Aliero
Abin da zai ba ku mamaki, asalinta ba haka fuskarta take ba. Daga yankin Khurasan na ƙasar Iran aka fara kai masu dogon gashi Turai, ana danganta haka ga wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, a wajen 1620. Suna cikin waɗanda aka nuna a bajekolin maguna na Landan a 1871, kuma a tsofaffin hotuna hancinsu a fito yake. Masu kiwo ne a Amurka da Turai suka yi ta zaɓen masu gajeren hanci suna haɗawa har aka zo nan. Wato matsalar numfashin hannun mutum ne ya kawo ta. In haƙuri ake nema akwai wata mai suna Ragdol da aka samar a Kalifoniya a shekarun 1960, idonta shuɗi, in an ɗauke ta sai ta saki jiki gaba ɗaya, kuma hancinta lafiya lau.

Likitan_Dabbobi_BK
Haka ne ɗalibi, sai dai ita ma tana da nata gadon, ciwon kaurin tsokar zuciya, kuma samun ta asali a nan sai an tona. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan Farisa ma ruwa biyu ne, ni kuwa ban ɗauki haka aibi ba, sun fi jure garinmu.

Tunda an zo maganar gado, babban ciwon 'yan Farisa na ƙoda ne, ana ce masa PKD. Ƙananan ƙulli masu ruwa ne a cikin ƙodar tun haihuwa, suna girma a hankali. In ɗaya daga iyaye na da shi, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gada. Ba ya nunawa sai ta manyanta, galibi daga shekara 7 ko kusa da haka: yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama, amai. Ana gano shi da sikanin tun tana wata goma. In babu na'urar a kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fi kusa da masu uwar. Ba ya warkewa, amma in an sani da wuri ana lallaɓawa da abinci da ruwa. Mai lafiya tana kai shekara 12 zuwa 15, wasu su wuce. Ki lissafa, Ihsan za ta iya yin aure magen na nan a hannunki.

Ɗan_Matan_Fada
Abinci kuma ba matsala, mu Argungu kihi muka da shi. In tana so in riƙa aiko ma ta tarwaɗa da ƙarfasa, ta ci ta yi ƙiba.

Anti_Rabi_Badariya
Ka aiko mini ni, ɗan albarka. Ita tawa dafaffe nake ba ta, ba gishiri ba magi, in zare ƙaya tas, kuma ba kullum ba. Sauran kwanaki abincinsu na buhu da dafaffiyar kaza ko ƙwai. Kwanon ya zama mai faɗi marar zurfi, don da wannan fuskar ba ta iya zura baki cikin kofi, sai ta ɓata gashin wuyanta duka.

Likitan_Dabbobi_BK
Anti ta gama magana. Ƙari kawai: mage maciyiyar nama ce, tuwo da shinkafa ba za su riƙe ta ba. Akwai sinadarin torin da sai a nama take samu, rashinsa na kawo makanta da ciwon zuciya. Ɗanyen kifi kullum yana cinye mata bitamin B1. Madara tana sa yawancinsu zawo, a mai dogon gashi kuwa kun san abin da zawo ke nufi. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ban da romon miya.

Abubuwa uku da suka fi kawo mana gawa: farasitamol, ko rabin ƙwaya na iya kashe ta. Maganin kaska na karnuka mai sinadarin da ake rubutawa permethrin a jikin kwalba. Sai fiya-fiya da ake fesawa a ɗaki saboda sauro, ta taka ta lashe ƙafa. In ta ƙi cin abinci kwana biyu a kawo ta, hantarsu ba ta jure yunwa.

Ummu_Sudais_Gusau
Ni lissafi na yi. Yanzu ƙarshen Fabrairu, satinta biyar. In ta cika sati 12 tsakiyar Afrilu ke nan. Wato a ɗauko jaririya daga Kaduna a sauke ta Birnin Kebbi a ranar da zafi ya fi kowane. Likita ka duba wannan?

Likitan_Dabbobi_BK
Kin kama gaskiya Hajiya. In mai ita za ta yarda, a bar ta sai ruwa ya sauka a Yuni. Ta yi damina da hunturu a nan, kafin bazara ta zagayo ta yi ƙwari ta san lungunan sanyin gidan.

ƊanKabi_Asali
Wa zai riƙe maki mussa wata huɗu yana ciyarwa kyauta? Hajiya, tamu ta gida ta haihu ɗiya ukku bayan rumbu, akwai wata mai ruwan toka kyakkyawa. In aiko yaro da ita yau, ba allura ba mataji.

Sarkin_Zolaya
Ɗan Kabi, tsintacciyar mage ba ta mage. Ihsan ta riga ta ga hoto.

Ungozomar_Zuru
Ko ta bayan rumbun ce sai an yi mata allurar haukan kare, Malam. Gida mai ƙananan yara ne.

Maman_Ihsan
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira yayata ta shiga gidan. Ta ce uwar fuskarta a shafe take sosai, har ana jin minsharinta daga falo, amma uban aro aka yi, ba su san komai a kansa ba, sikanin kuwa ba su taɓa jin labarinsa ba. A cikin 'ya'yan huɗu akwai biyu da hancinsu ya fito, sai dai wadda Ihsan ta zaɓa ba ta cikinsu, yau akwai daru a gidan nan. Maganar Yuni mai ita ta ce za ta yi shawara da maigidanta, wataƙila sai mun riƙa aika kuɗin abinci. Baban Ihsan kuma ya ce duk ranar da aka sa na'urar sanyi saboda mage, shi zai riga ta shiga ɗakin. Har yanzu dai ban yanke ba.

Anti_Rabi_Badariya
Ki zo Badariya ranar Asabar bayan azahar, lokacin da rana ke dukan kwano, ki gan ta da idonki. Ki zo da Ihsan ɗin, ita zan miƙa wa matajin ta yi ciki da hammata. In ta gama ba ta tura baki ba sai ku yi magana.

Maman_Ihsan
In sha Allahu Anti, muna tafe. Likita, in har ta tabbata, yaya za a yi da tafiyar? Direban da muke ba saƙo a but yake zuba kaya.

Likitan_Dabbobi_BK
Ban da but, ko na minti goma. A sa ta a kwandon roba mai ramuka da murfi, a shimfiɗa tawul, ta zauna a cikin mota kusa da mutum, ba a gefen da rana ke bugawa ba. A ba ta abinci kaɗan awa uku ko huɗu kafin tashi don kada ta yi amai, a riƙe ruwa a gora ana ba ta in an tsaya, kuma kada a buɗe kwandon sai gilasai na rufe. Motar asuba za a bi. In babu wanda zai riƙo ta a hannu, a jira sai yayarki za ta zo da kanta.